Saƙonnina a Akwatin Zabuwa

Masu karatu, sallama gare ku. Waɗanda suka san ni su yi haƙuri in sake faɗin ko ni wace ce, don na lura baƙi sun yi yawa a shafin nan kwana biyu, kuma na san abin da ya kawo su. Sunana Bara'atu Lawwali, shekarata ashirin da bakwai, a Tudun Wada ta Gusau nake zaune. Eh, ni ce dai Bara'atun da kuke ji. Tunda kun riga kun ji rabin labarin a bakin wasu, gara ku ji sauran a bakina.

Mu uku ne a gidanmu: ni, da Baba, da Gwaggo Mairo ƙanwarsa da ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta. Innata ta rasu shekara huɗu ke nan. Yayyena biyu suna ɗakunansu, ƙanwata Zahra'u ma an kai ta nata ɗakin bara. Ɗakin da muke kwana mu huɗu a da, muna faɗa a kan madubi da turare, yanzu ni kaɗai ce a cikinsa, katifar gado ɗaya ma an jingine ta da bango. Baba tun da safe yake tafiya shagonsa na iri da taki. Gwaggo kuwa kunnenta ya yi nauyi, idan ka ce mata an kawo wuta sai ta ce wa ya mutu. Sai in wuni ban yi magana mai tsawon layi biyu da kowa ba. Wayata ce abokiyar hirata, ita ma idan akwai caji.

Sai kuma Mahadi. Ɗan Bungudu ne, tun muna makaranta ya ce yana so na, kuma ban ɓoye muku ba, ni ma ina son sa. Dogo ne siriri, mai tabarau, rigunansa uku ne kuma duk ruwan toka, har Gwaggo ta ɗauka ɗaya ce yake wankewa. Ranar Juma'a bayan la'asar yake zuwa zance, idan aiki bai riƙe shi ba. Nakan yi wanka in saka atamfa, in zizara kwalli, in turara mayafi, in fito da kunun aya mai sanyi. Shi kuma ya zauna a zaure ya buɗe kwamfuta a kan cinya, ya ce, "Zo ki ga abin da na gyara."

Abin da yake gyarawar sunanta Zabuwa. Burauza ce, wato manhajar da ake buɗewa a waya a shiga intanet a nemi abu. Shi ya ƙirƙire ta da hannunsa, ya sa mata wannan suna wai don ƙarama ce amma akwai gudu. Matsalar ita ce kowace waya da tata babbar burauzar take zuwa, ba wanda ya ga dalilin neman wata. Shekara biyu yana fama, masu amfani da ita ɗari shida da goma sha biyu ne, kuma na tabbata rabi danginsa ne da suka ji kunyar gogewa.

Wani kamfani a Kaduna ya ce masa idan suka kai dubu goma kafin ƙarshen watan nan, za su ɗauke shi aiki shi da Zabuwar tasa. A kan wannan ya rataye aurenmu.

"Ranar da munka kai dubu goma," in ji shi, "washegari kawuna, Kawu Yari, zai zo wurin Baba. Ba ni son in zo neman aure hannu biyu, Bara'atu."

Baba kuma nasa zancen guda ɗaya ne, sau ɗaya ya faɗe shi yana wanke hannu bayan cin tuwo.

"Ba ni korar kowa, ba ni kuma yi maki dole. Amma shekara biyu mutum na zama zaurena yana shan ruwana. In da gaske shika yi, shi turo magabatanshi kahin azumi. In ba haka ba, shi ba ki wuri."

To kun ga yadda aurena ya koma hannun wata lamba da ke saman allon kwamfuta. Shi ya sa na ɗaura ɗamara na zama 'yar gwajin Zabuwa. Ya saka min kwafi na musamman a wayata, wanda duk sabon gyara ni nake fara gani.

Mahadi yana da ƙwaƙwalwa, amma bai san mutane ba. Shi a ganinsa idan ya sa mata launi mai kyau da shafuka masu zamewa kamar na Turawa, jama'a za su yi ta tururuwa. Wata Juma'a na gaji na ture kofin kunun ayar gefe.

"Kai wa kaka yi ma wagga aba?" na tambaye shi.

"Kowa da kowa mana."

"Kowa da kowa na da tashi. Ka taɓa riƙa wayar Gwaggo? Hoto guda ba ya shiga sai an goge wani. Zabuwarka ta yi ƙiba, ka rage mata nauyi."

Ya gyara tabarau, ya fara rubutawa. Ni kuma da na samu mai sauraro, sai bakina ya buɗe. Na ce masa matan unguwarmu ba rubutu suke yi a waya ba, magana suke yi, don haka ya sa wurin da mutum zai danna ya faɗi abin da yake nema. Na ce maɓallan su koma Hausa, Hausar da ake yi a gida, ba wadda sai an nemo malami ya fassara ba. Na tuna masa shekarar da aka rufe sabis a jihar nan, yadda mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su yi waya. Wanda ya ga wannan, na ce, so yake idan ya samu sabis na minti biyar ya kwashi shafuka ya adana, ya karanta a gida a hankali. Ya sa farashin hatsi na kasuwar Mada da ta Tsafe a shafin farko, maimakon labarin ƙwallon ƙasashen da ba mu san hanyarsu ba. Kuma ya nemo murya da za ta riƙa karanta rubutu a fili saboda waɗanda ba su yi boko ba.

"Sannan," na ce, "ka bar jiran mutane su sauke ta da datarsu. Wa ka gani yana haka? Masu caji da tura waƙoƙi na bakin kasuwa su ka zuba ma mutane kaya a waya. Su za ka bi."

"Wannan ba tsari ba ne," ya ce. "Manhaja daga rumbun manhajoji aka sauke ta."

Ya ƙi jin wannan ɗaya, amma sauran duk ya yi. Cikin wata biyar Zabuwa ta rame ta yi sauri, ko sabis sanda ɗaya ne tana buɗe shafi. Muryar da ya samo tana karanta Hausa kamar mai mura, amma ana ganewa. Wallahi har alfahari nake yi idan na buɗe ta. Lambar dai ba ta motsa ba, don ba wanda ya san an yi gyaran.

Yanzu zan faɗa muku abin da ya fi ba ni kunya. A cikin Zabuwa akwai wani wuri da ake kira akwatin shawara, inda mai amfani da ita zai rubuta wa mai ita abin da ya lalace. Idan na tura wa Mahadi saƙo ta waya yakan kwana uku bai buɗe ba. Idan na kira, sai ya ce yana tsakiyar aiki zai kira, kuma ba zai kira ba. Amma akwatin shawara, ko minti goma ba a yi ya amsa. Da na gane haka, sai na koma yi masa magana ta can. In fara da abin da ya lalace, in ƙarasa da abin da ke raina.

Na rubuta masa: "Maɓallin komawa baya yana maƙalewa idan sabis ya yi ƙasa. Yau kwana tara ban ji muryarka ba. Na yi dambu na tuna kana so, na ci ni kaɗai a bakin gado."

Ya amsa: "Na gode, an gyara maɓallin."

Wata rana na rubuta: "Rubutun shafin farko ya yi ƙanana, tsofaffi ba za su gani ba. Ɗazu na kira lambar Inna. Na san an ba wani layin, so nake kawai in ji tana shiga."

Ya amsa: "An ƙara girman rubutu, ki duba."

Har akwai ranar da na rubuta: "Mahadi, idan ka daina so na ka faɗa min. Ba zan daina gwada maka Zabuwa ba."

Wannan bai amsa ba sam, tunda babu abin gyara a ciki. Haka na yi wata goma sha ɗaya ina zuba zuciyata a akwatin nan. Na san ba ya kula rabin ƙarshe, amma ko ba komai na san saƙon ya isa wurin wani mai rai.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi yinin bikin Hafsatu, ɗiyar kawuna, a Tsafe. Da hantsi muka kama hanya, don kowa ya san ba a son yamma ta yi wa mutum a titin nan. Ankonmu atamfa ce kore mai zanen ganye ruwan zuma, na ɗaura kallabina ya zauna daram, ga jan lalle har wuyan hannu. Kowace gwaggo ta gan ni sai ta riƙe min haɓa ta ce, "Saura ke, Allah shi kawo nagari." Na amsa amin har muƙamuƙina ya gaji. Ƙawayen amarya duk ƙannena ne, hirarsu daban. Sa'o'ina kuma kowace da goyo a baya, hirarsu ta awo da rigakafi. Na samu kujera kusa da randa na zauna ina danna waya.

Can sai na ji wata mata tana mita, wai tana son ta nemo salon ɗinki amma wayarta sai juyawa take yi. Na ce ta kawo in gwada mata wani abu. Na haɗa wayata da tata, na tura mata Zabuwa kai tsaye ba tare da data ba, yadda ake tura waƙa. Ta danna ta ce "ɗinkin doguwar riga", hotuna suka zubo. Ta yi guɗa. Kafin a raba shinkafa an yi layi a gabana. Wata tsohuwa da aka karanta mata farashin gero da muryar nan ta ce a sake, ta ce a sake, tana dariya har da hawaye. Wayoyi arba'in da uku na saka wa, na ƙirga. A ranar na ji ni ma mutum ce a cikin taro, har na ci abinci da mutane.

Abin da ban sani ba, kuma Mahadi bai taɓa faɗa min ba don bai taɓa zaton wani zai tura manhaja ta haka ba, shi ne kwafin da ke wayata a ɗaure yake da akwatina. Duk wanda na tura wa, idan ya buɗe akwatin shawara, nawa zai gani. Tun daga saƙon farko har na ƙarshe.

Ranar Litinin da safe, na gama shara na zauna zan rubuta masa cewa farashin Mada bai sabunta ba. Ina buɗe akwatin na ga saƙonnin da ba ni na rubuta ba.

"Wayyo Bara'atu kin sa ni kuka."

"Kai Mahadi ka ji tsoron Allah, ɗiyar mutane ce."

"In shi ba ya so ni ina so, ga lambata."

Sun fi ɗari biyu. Na zame daga bakin gado na zauna a ƙasa. Ban gama fahimta ba sai ga kiran Yaya Jamila, babbar yayarmu da ke aure a Bungudu.

"Ke Bara'atu, mi kinka aikata? Yanzu maƙwabciyata ta shigo tana kunna mani ke! Wata murya na karanta wai kin ci dambu ke ɗai. Masu caji na bakin tasha sai tura ma mutane suka yi, wai labarin soyayya na gaske, na wata 'yar Gusau."

Kun ji fa. Masu cajin da na ce a bi, ga su sun zo da kansu. Muryar da na ce a saka don tsofaffi, ga ta tana karanta asirina a tsakar gidajen mutane.

Na kira Mahadi sau goma sha ɗaya bai ɗauka ba. Akwatin da nake samunsa a ciki kuwa ya zama dandali. Washegari Talata na ce wa Gwaggo zan je duba Yaya Jamila. Na saka dogon hijabi baƙi har da niƙabi, ni da ban taɓa sakawa ba, na shiga motar Bungudu. A kujerar baya wasu 'yan mata biyu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna saurare suna cewa "Allah sarki". Na juya fuskata wajen taga har muka isa.

Yaya Jamila ce ta aika aka kira shi. Ya shigo zaurenta da kwamfutarsa a hammata, idanunsa sun yi ja, amma fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka.

"Kin gani?" ya ce tun bai zauna ba. "Dubu huɗu da ɗari ukku!"

Na ɗage niƙabin. "Mi kaka so in gani?"

Sai a sannan ya rage fara'a. "Na san abin da ya faru. Kuskurena ne, ban raba kwafinki da akwatin ba. Ki yi haƙuri."

"Ana iya ruhe shi?"

"Ana iyawa. Daga nan ma, dannawa guda ce."

"To danna."

Ya dubi kwamfutar, ya dube ni, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Tabaran nan ba abin da ya same shi.

"Bara'atu, ki ba ni zuwa Juma'a."

Na yi zaton ban ji daidai ba. Ya matso da kujera, ya fara magana da sauri yadda yake yi idan yana bayanin gyara.

"Saurara ki ji. Labarin ya kawo su, amma in sun shigo suna ganin tana da sauri. Jiya mutum dubu sun duba farashin hatsi. Ɗari bakwai sun nemi abu da murya. Duk shawarwarinki ne ke aiki, wallahi ke kika gina ta. In na ruhe yanzu, masu turawa za su daina, mu tsaya a nan. Kwana ukku kawai. Don mu nika yi, don Kawu Yari shi zo."

"Don mu."

"Kuma ai ba ki rubuta abin kunya ba. Kowa tausayinki shika ji."

"Ban rubuta ma Zamfara ba, Mahadi. Kai na rubuta mawa." Na dube shi ido cikin ido. "Ka ma karanta su kuwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Jiya na karanta su duka. Ban san haka kike ji ba."

Jiya. Bayan masu caji, bayan matan Tsafe, bayan wanda ya ajiye min lambarsa. Mutum dubu huɗu suka riga shi karanta wasiƙun da aka rubuta masa. Wannan ya fi tonon asirin yi min ciwo, kuma har yanzu da nake rubuta muku shi ne yake min ciwo.

Ban yi masa ihu ba. Ina ma na yi. Cewa na yi, "Na roƙe ka," ya ce, "Juma'a, na yi maki alkawari," ni kuma na sauke niƙabina na fita. Yaya Jamila ta biyo ni har bakin titi tana cewa in bari mijinta ya same shi, na ce ta bari. Kun san dalili? Wani ɓangare na zuciyata, wanda nake jin kunyarsa, shi ma lambar yake kallo.

Laraba ban leƙa ko ƙofar gida ba. Maƙwabta kuwa ranar kowa ya tuna yana da buƙata a gidanmu. Wannan aron rariya, waccan aron turmi, wata ma cewa ta yi kazarta ce ta shigo, alhali ba ta da kaza. Kowace sai ta leƙo ɗakina ta ce "Sannu Bara'atu" da irin muryar da ake gaida mara lafiya. Gwaggo Mairo ita kaɗai ce ba ta san komai ba, sai murna take wai unguwa ta fara zumunci. Na kwanta ina kallon silin, gida cike da mutane, ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. A da ko ba komai ina da akwatin da zan yi magana a ciki.

Ranar Alhamis, ana idar da sallar la'asar na ji sallamar Baba. Ba ya dawowa sai gab da magariba. Na ji ya wuce ɗakinsa bai shiga ba, takunsa ya tsaya a ƙofar nawa. Rabon Baba da shiga ɗakin nan tun ranar da aka fitar da kayan Zahra'u.

Ya shigo ya zauna a kan katakon gadon da babu katifa. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Rigarsa duk ƙurar taki. Na sauko ƙasa na durƙusa, ina jiran faɗa, har na ƙagu a yi a gama.

"Ɗazu a kasuwa," ya ce, "maƙwabcin shagona ya kunna wani abu a waya, mutane sun taru suna saurare. Ni ma na tsaya. Ina ji ina cewa, wagga ɗiya ko ba ta da kowa ne? Ina iyayenta?" Ya juya hular a kan gwiwarsa. "Sai anka zo wurin da ta kira lambar uwarta."

Hawaye suka zubo min, ban share ba.

"Ni ma ina kiranta," ya ce a hankali. "Wani Bafillace ka ɗauka, ya ma san ni yanzu."

Ban taɓa ganin Baba haka ba. Shekara huɗu muna gida ɗaya, bango ɗaya ne tsakaninmu, kowa yana kiran lamba ɗaya a ɓoye.

"Ashe haka kike zaune cikin gidana, ni ina can ina auna ma mutane iri. Wannan laihina ne, ba naki ba." Ya ja numfashi, ya mayar da hular kansa, muryarsa ta koma irin ta kullum. "Tambaya guda zan yi maki, kuma kada ki gyara mashi. Yaron nan ya san ana karantawa?"

"Ya sani, Baba."

"Yana iya tsai da shi?"

Shekara biyu ina kare Mahadi a gaban Baba. Idan bai zo ba in ce ba ya jin daɗi, idan bai gaishe shi da Sallah ba in ce sabis ne. Ƙaryar tana kan harshena, a shirye.

"Yana iyawa."

"Tun yaushe?"

"Tun Talata na roƙe shi."

Baba ya ƙirga da yatsunsa, Talata, Laraba, Alhamis. Ya daɗe yana duban yatsun uku.

A daidai lokacin wayata ta yi ƙara a kan gado. Saƙo ne, kuma ba ta akwatin shawara ba, ta lambata ya turo, abin da ya yi wata da watanni bai yi ba. Baba ya nuna wayar da haɓa ya ce in karanta a fili. Na ɗauka na karanta.

"Alhamdu lillahi, mun kai dubu goma da sittin. Na rufe akwatin yanzu. Ki faɗa wa Baba gobe bayan sallar Juma'a Kawu Yari da mutum biyu za su zo. Na cika alkawari."

Daga tsakar gida muna jin Gwaggo tana kiran kaji. Baba ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ni baya.

"Na ce shi turo kahin azumi, ga shi ya turo. Ba ni da abin cewa a gaban manya in ba abin da kinka ce ba. Ke za ki zauna da shi, ba ni ba." Ya juyo ya dube ni. "In sa a share zaure a shimfiɗa tabarmi?"

Wata goma sha ɗaya ina roƙon Allah ya nuna min wannan saƙon. Na sake karanta shi tun daga farko, ina neman kalma ɗaya da ta tambayi yadda na kwana biyun nan. Na kai ƙarshe ban samu ba. Na kife wayar a kan tabarma.

"Baba," na ce, "kada a share tukuna."